Yadda Sa'adatu Ta Koyi Faransanci

Duk wanda ya yi harkar atamfa a Kalley, cikin birnin Yamai, a shekarun baya ya san Sa'adatu Tafinta. Doguwar mace ce mai tabarau, tana zama a kan kujerar ƙarfe a bakin shagon wani tela, 'yan kasuwar Kano da Sakkwato suna kawo mata takardun duwan, wato kwastan, tana juya musu daga Faransanci zuwa Hausa. Da yawa sun ɗauka haifaffiyar Yamai ce. Alhali 'yar Malumfashi ce, karatu ne ya kawo ta.

Malamar firamare ce a can gida. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Jummai. A ƙarshen daminar 1983 aka zaɓe ta cikin malamai shida da za su je Nijar su yi shekara biyu suna koyon Faransanci. Lokacin Jummai tana da shekara uku. Sa'adatu ta bar ta wajen mahaifiyarta, ta ce duk hutu za ta zo.

Makarantar tana Harobanda, a ƙetaren kogi. Sauran biyar ɗin maza ne, aka ba su ɗakuna a ciki. Ita kuwa babu wurin mata, sai aka haɗa ta da wata Bazabarma mai suna Zeinabou, matar Sumana direban kamiyo, wato babbar motar kaya, da yake jigila zuwa Sakkwato. Hausar Zeinabou ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Ranar farko ta ce wa Sa'adatu, "Ka zo lafiya? Ga ɗakinka." Sa'adatu ta waiwaya ta ga ko da wani a bayanta. Da suka gane, suka yi ta dariya har Zeinabou ta zauna a kan turmi.

Watannin farko duk irin wannan ne. Ta ce wa mai taksi ya kai ta makaranta, ya sauke ta a ƙofar wani malamin allo, don a nan boko lakwal ake ce mata. Wata rana ta manta katinta na ɗaliba, sojojin bakin gada suka tsayar da ita a rana. Wata maƙwabciya ta kai labari gida, sai ga Zeinabou ta taho da gari a hannu, tana zuba musu Zabarmanci kamar 'ya'yanta, har suka ce su tafi. Da hutun farko Sa'adatu ta je gida, ta kai wa Jummai 'yan kunne da takalmin roba ja.

Ba ta sake zuwa ba. Sojojin da suka karɓi mulki a Najeriya suka rufe iyaka. Damina ta zo, ruwa bai zo ba. Kamiyon Sumana ya tsaya a ƙofar gida har awaki suka mai da ƙarƙashinsa wurin kwana. Mutanen ƙauye suka fara kwararowa bakin gari da tabarmi da tukwane, babu dabba ko ɗaya a bayansu. Tuwon gidan ya koma na jar dawar taimako, mai ɗaci, sau ɗaya a yini. Zeinabou ta daina dariya. Ranar nan tana miƙa wa Sa'adatu kwano ta ce, "Ƙasarku ta rufe mana ƙofa, kai kuma kana nan kana ci."

"Inna, ni ma an rufe ni ne," in ji Sa'adatu.

Zeinabou ta juya ta koma bakin murhu.

A makaranta akwai malamin nahawu, Mushe Isaka, wato Malam Isaka da Faransanci. Mutum ne mai tsafta, kullum da jan biro a aljihun gaba. An ce ƙanensa yana cikin baƙin da aka kora daga Legas, ya dawo da rigar jikinsa kawai, bai ƙara yin daidai ba. Mushe Isaka bai taɓa kiran Sa'adatu da sunanta ba, sai Madam Najeriya. In ta yi kuskure sai ya sa ta maimaita shi sau uku don aji ya ji da kyau. Kuma a lokacin wasiƙun ɗalibai baƙi ta ofis suke biyowa, a buɗe ake ba da su. Shi ne mai rabawa.

Wata Talata da safe a cikin bazarar 1985 ya shigo aji da ambulan a hannu. Sa'adatu ta hango rubutun ƙaninta Alu. Wata biyar ke nan ba ta ji daga gida ba.

"Madam Najeriya ta samu wasiƙa," ya ce da Faransanci. "Yau da ita za mu yi darasin fassara. Zo nan gaba. Jimla ɗaya da Hausa, sannan ki ba mu ita da Faransanci."

Ta ce, "Mushe, a bar ni in fara dubawa."

"A jarrabawa ma za ki ce a bar ki ki duba?"

Ta fita gaban allo. Ta karanta gaisuwa, ta fassara. Ta karanta cewa Innarsu tana fama da ƙafa, ta fassara, ya gyara mata kalma ɗaya. Ta karanta cewa ƙyanda ta shigo unguwarsu. A nan idonta ya riga bakinta, ya sauka a layi na gaba. An ja wa layin jan biro a ƙarƙashi.

Ta tsaya da karatun.

"Muna jira," in ji Mushe Isaka.

Ba ta san abin da ya sa ta yi biyayya ba, har ta tsufa ba ta sani ba. Ta karanta da ƙarfi: "Jummai ta rasu ranar Lahadi, an yi jana'izarta bayan azahar." Sannan bakinta ya ci gaba da kansa, ya ce, "Jummai a mort."

"A'a," ya ce. Ya ɗauki alli ya juya ga allo. "Ba a cewa a mort. Est morte ake cewa, kuma tunda mace ce sai a ƙara harafi a ƙarshe. Maimaita."

Ɗaya daga cikin malaman da suka zo tare ya miƙe ya ce, "Haba Mushe, 'yarta ce fa!"

Mushe Isaka ya dube shi, ya tambaye shi ko yana so a rubuta sunansa a kai inda ake kai sunayen masu tayar da aji. Mutumin ya zauna. Sa'adatu ta maimaita jimlar daidai. Ya ce da kyau, ta koma wurinta. Sai da ta zauna ta duba kwanan watan da ke saman takardar. Wata uku ke nan da binne yarinyar.

Da aka tashi ba ta nufi gida ba. Ta gangara bakin kogi. A shekarar ruwan ya janye har mutane suna takawa da ƙafa a kan yashi. Ta bi su ta haye zuwa unguwar Gaweye, ta je tasha tana tambayar motar Ƙonni, garin bakin iyaka. Wani tsohon direba ya saurare ta har ta gama, ya ce, "'Yata, ko kin kai Ƙonni ba za ki wuce ba. Masu bi ta daji kuma ba na ba ki shawarar ki bi su ke kaɗai." Ta zauna a kan wata tsohuwar taya har la'asar, sannan ta tako ta dawo.

Zeinabou ta ji labari kafin ta iso. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kira maƙwabta, aka yi zaman makoki na kwana uku kamar yadda ake yi wa 'yar gida. Ita ta riƙa zama kusa da Sa'adatu tana gaya mata abin da masu gaisuwa suke cewa. A rana ta huɗu ta shigo ɗakin ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce yayarta ta iso daga ƙauye da 'ya'ya bakwai, suna kwana a fili. "Ka yi haƙuri," ta ce. "Ɗakin nake so." Sa'adatu ta ɗaure kayanta a zane biyu. Matar wani tela a Kalley ce ta ba ta gefen ɗaki, daga can ta riƙa zuwa lakwal har ta gama. Ita ta zo ta biyu a jarrabawa.

Da aka buɗe iyaka ta je Malumfashi. Alu ya kai ta maƙabarta, ya tsaya yana dube-dube tsakanin ƙananan kaburbura, don yaran da suka tafi a watan suna da yawa. Ya nuna ɗaya, ya ce yana jin wannan ne, sannan ya ce ko kuwa na kusa da shi. Ta yi addu'a a kan duka biyun. An ba ta aji ta koyar, ta shiga ta ga yara 'yan shekara shida sun miƙe suna gaishe ta, ta fita ba ta koma ba. Kwana goma sha biyu ta yi a garin, ta hau mota ta dawo Yamai.

Shekara talatin ta yi a bakin shagon telan nan. Ba ta sake aure ba. Sau ɗaya Mushe Isaka ya biyo ta layin, ya tsufa, yana dogara sanda, tare da wani abokinsa. Ya tsaya ya ƙura mata ido, sai fuskarsa ta washe. Ya ce wa abokin, "Ka ga wannan? Ɗalibata ce. Ba ta iya ko gaisuwa ba lokacin da ta zo, ni na koya mata." Ya tambaye ta gida, ya tambaye ta yara.

Ta ce, "Lafiya lau, Mushe."

Ya ce madalla, suka wuce. Ta jawo takardar Alhajin da yake jira, ta ci gaba daga inda ta tsaya.