Na Ce Da Sauƙi, Aka Cire Haraji Daga Fanshona

Sallama gare ku 'yan'uwana tsofaffin soja, na kusa da na nesa. Damina biyu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba, har na ji wasu a Kumbashi sun riga sun yi mini addu'ar mamaci. Ban mutu ba tukuna. Ni ne Kofur Bawa mutumin Dukku, wanda ya zauna a Kontagora tun da aka sallame mu. Da bokon da aka koya mana a bariki nake rubuta wannan.

Waɗanda muka je yaƙin Bama tare sun san akwai ɓarɓashin ƙarfe da ya maƙale mini a cinyar hagu. Saboda shi ake ba ni ɗan fanshon rauni. Ba wani abin kirki ba ne, amma da shi muke auno dawa idan rumbu ya ƙare.

Bara waccan ina cikin noma sai wurin ya fara ƙaiƙayi. Na ce zufa ce. Kafin dawa ta fid da kai cinyar ta kumbura kamar tulu, ta fashe, tana zubar da mugunya. Wari ya hana 'ya'yana cin tuwo kusa da ni, kuma wannan ya fi ciwon yi mini zafi.

Matata Ladi ta dafa mini saiwoyi har ta gaji. Daga baya a kan jaki aka kai ni asibiti.

Kullum da safe sai diresa mai wanke ciwo ya zo da kwanon ruwan magani, ya cusa auduga cikin ramin, ni kuma in ciji bakin zane. Sai ma'aunin zafi a baki, sai allura. Likita Bature ya ce in cinyar ba ta daina ruɓa ba, yanke ta za a yi. Na ga mutane sun mutu a gefena a daji, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ladi ta sayar da awakinta don kuɗin mota zuwa inda ake ɗaukar hoton ƙashi. Aka yi mini tiyata, aka ciro ƙarfen, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ta juya shi a tafin hannu ta ce, "Maigida, wannan ɗan abin ne ya cinye mini awaki?"

Gona kuwa ta zama ciyawa, harajin shekara biyu ya taru a kaina. Mai unguwarmu ya zo dubiya ya ce, "Kofur, kwantar da hankalinka. Wanda aka rubuta musaki ba ya haraji. Likita kawai zai sa hannu."

Ranar da za a sa hannun, likita ya zo da tafinta. Tafinta ya ce, "Kofur, likita yana tambaya, yaya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

To me zan ce? Ko mai gargarar mutuwa aka gaisar, abin da zai ce ke nan. Tafinta ya juya shi da Turanci, kuma da ɗan Turancina na bariki na ji ya ce na warke. Likita ya yi murmushi, ya dafa mini kafaɗa, ya rubuta. Har godiya na yi masa.

Ranar biya na dogara sanda na je ofis. Malamin kuɗi ya turo mini abin da bai kai rabin na da ba. Na tambayi dalili. Ya ce, "Takardarka ta ce ka warke, shi ya sa aka rage fanshon. Sunanka kuma ya koma cikin masu haraji, ana cire bashin daga ragowar."

Na ce kuɗin jinina ne, kuma a soja an gaya mana ba mai taɓa shi.

Ya ce, "Kofur, yi haƙuri. Ni abin da aka ba ni nake karantawa."

Babu ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba. Wani akawu ya ce doka ta hana a taɓa fanshon rauni. Wani ya ce ta hana a taɓa shi, sai dai in don haraji ne. Na ce a nuna mini a rubuce, sai aka ce in dawo mako mai zuwa. Na koma asibiti, likitan ya tafi hutu ƙasarsu, sabon kuma ya ce ba ya soke hannun ɗan'uwansa.

Saboda haka in kun tambaye ni ko ana iya cire haraji daga fanshon rauni, ban san abin da doka ta ce ba. Na dai san an cire, ana kan cirewa.

Ciwon ya rufe, amma ƙafar ba ta lanƙwasuwa, ba na iya riƙe garma. Ladi da babbar 'yarmu ke noman, ni ina gindin ɗorawa ina korar tsuntsaye. Kafin bashin ya ƙare harajin bana ya zo. Ban ga ranar da zan sake karɓar kuɗina cikakku ba, kuma na daina sa rai.

Na gode wa Allah da Ya bar mini ƙafar. Na gode wa diresan da bai taɓa toshe hanci a gabana ba, da Ladi wadda ba ta sake yi mini zancen awaki ba.

Ku kuma, in tsohon rauni ya fara ƙaiƙayi, kada ku jira. In za a duba ku, ku tafi da wanda yake jin Turanci sosai. In likita ya ce yaya jiki, ba gaisuwa yake yi ba. Ku buɗe raunin, ku ce da ciwo, ku faɗi abin da ba ku iya yi.

Ina ba ku shawarar ne kawai. Ni har yau in an gaishe ni, da sauƙi nake cewa. Ba a koya mana wata amsa ba.