Aikin Yini Ɗaya a Gidan Burodin 'Yan Meziko

Jama'a, yau na samu aiki, yau ɗin kuma ya ƙare!

Kun san tun da na sauka garin nan nake yawon neman abin yi. Da safe a unguwar Port Richmond ƙamshi ya ja ni cikin wani gidan burodi na 'yan Meziko. Kai! Duk 'yan gida ɗaya ne. Tsohuwa na murza ƙullu, ɗanta na bakin tanda, jikarta na sallamar masu saye. Sai na tuna gidanmu na Maraɗi.

Da guntun Turancina na ce wa jikar, “Aiki nake nema.” Ta fassara wa babanta. Ya dube ni ya ce, “Zo!” Wallahi har hamdala na yi!

Sai ya miƙo mini guduma, wai in kwance katakan da ake jera burodi.

Na ce, “Gyara za a yi?”

Jikar ta ce, “An sayar da ginin. Yau muke rufewa.”

Tsohuwar ta cusa mini burodi mai ɗumi a hannu, tana hawaye.

Da la'asar muka ja ƙofa. Na ce, “Ina za ku koma?” Uban ya watsa hannuwa kawai.

Su da suka daɗe a nan ke nan! Ni ga ni a tashar bas, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa gobe ba.