Ranar da Aka Gyara wa Baƙuwa Tasha

Har na ajiye aiki ban taɓa mantawa da ranar da muka yi baƙuwa daga ƙasar Ailan ba. Lokacin ina jami'in al'adu a wata ƙaramar hukuma tsakanin Funtua da Malumfashi. Aikin jami'in al'adu, ga wanda bai sani ba, shi ne kula da abin da kowa ya gaji da gani.

Abin alfaharina shi ne tsohuwar rumfar tashar mota, ginin ƙasa mai rufin azara. A nan ake lodin auduga tun kafin kwalta ta zo. Ranar kasuwa kuwa, Musulmi da Kirista da Maguzawa duk a inuwarta suke jiran mota.

Baƙuwar dattijuwa ce. Marigayi yayanta Fada ne na cocin Katolika da ya yi aiki a ƙauyukanmu, ya cika mata kunne da labarin rumfar. Ta ce garinsu ma ɗan garin kasuwa ne, da jirgin ƙasa ya daina zuwa sai suka mai da tasharsu gidan tarihi.

Ƙa'ida ita ce in sanar da Ciyaman, shi kuma ya umarci sashen ayyuka. Na sanar. A gabana ya kira Malam Iro, shugaban sashen, ya ce, "Baturiya za ta zo ganin tasha. A gyara wurin, kada a ba mu kunya."

Ranar ziyarar, da hantsi muka iso tashar tare da baƙuwar. Na sauko daga mota ina zuba tarihi, na miƙa hannu in nuna rumfa. Babu rumfa. Fili ne fetal, an share, an yayyafa ruwa, an jera kujerun roba.

Na ce, "Malam Iro, ina rumfar?"

"Haba Malam Sani, wannan kangon? Jiya katafila ta kwashe shi. Mutum ya taso tun daga Turai a nuna masa ginin ƙasa?"

Yana murmushi, yabo yake jira.

Dattijuwar ta tambaye ni ko mun iso. Na ce mun iso. Ta daɗe tana kallon kujerun, sannan ta sunkuya ta ɗauki guntun azarar da katafila ta bari, ta sa a jaka.

Ku da kuka shigo aikin nan, ku ji. Damina bayan damina ta doki rumfar nan ba ta faɗi ba, kunyar baƙo ce ta kayar da ita. In kun ji shugaba ya ce a gyara, ku riga katafila zuwa wurin.