Inna A'isha da Kwanon da Ya Mayar da Baba Ciyayya

Bana shekara talatin da rasuwar mahaifiyata, Inna A'isha, kuma har yau in na tuna ta dariya ce ke riga hawaye zuwa. Abin da ya taso min da ita kwanan nan jikata ce, a nan gidanmu na unguwar Ka'akiyya a Makka. Ta ture shinkafa gefe, wai yanzu masu son lafiya nama da ganye suke ci, a waya ta gani. Na ce mata, yarinya, mahaifiyata ta riga wayarki.

Muna yara a Misfala muke zaune, tun Makka ba ta san dogayen benaye ba. Babanmu mai tsire ne, ya zo daga Kano a ƙafa ta Cadi da Sudan. Da ya fara rama da yawan ƙishirwa, sai ya je wurin likita, wanda a nan ake kira hakim. Ya dawo ya zauna, fuska a murtuke.

"Hakim ya ce ciwon sukari ne. Ya ce in ina son tsawon rai, in rabu da aish."

Inna ta ajiye muciya. "Wace A'ish ɗin, Malam? Me na tare wa hakim?"

Aish dai gurasa ce a Larabcin Makka, kuma Baba ya sani sarai, tsokana ce irin tasa. Muka yi ta dariya. Amma da ya lissafo sauran, shinkafa, tuwo, dabino, shayi mai sukari, sai dariyar ta ƙare.

Ba cikinsa ne ya fi damun Baba ba. A lungunmu, bayan magariba, magidanta kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa a yi ciyayya, kamar yadda suka baro a ƙasar Hausa. Kwanukan kuwa duk tuwo ne da shinkafa. In ya zauna ya janye hannu daga abincin maƙwabci, ya ci fuska. In ya ci, ya cuci kansa. Sai ya daina fita. Yana ɗaki shi kaɗai da dafaffen ganye ba gishirin kirki, yana jiyo hirarsu ta bango. Mutumin da ya keta daji yana raba loma da abokan tafiya, ga shi yana ci kamar maraya. Wallahi na tausaya masa, kuma kaɗaicin ya fi ciwon ramar da shi.

Inna ba mai dogon jimami ba ce. Hausawa kan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, suna nufin riƙe sirri, ita kuwa ta ɗauki maganar a zahirinta. Ta sauke tukunyar mara lafiya, ta ce daga yau girki ɗaya ne a gidan. Ta yi kwaɗon jarjir, wani ganye mai ɗan yaji, da ƙuli-ƙuli. Ta dafa kuɓewa da lalo da kauri har ana ɗiba da hannu, da daddawar da alhazai ke kawo mata tsaraba. Ta gasa gauta ta cusa masa dakakken nama da ƙwai. Tuwon gero bai ɓace ba, sai dai malmalar ta koma kamar ƙwan kaza. Mu yara muka yi ta ƙunƙuni, muna cewa da babu gara ba daɗi, kafin bakinmu ya saba.

Wata magariba ta cika babban kwano, ta rufe da faifai, ta miƙa wa Baba.

"Yalla, Malam, fita. Ka ci naka, su ma su ci."

"Su ce matar mai tsire ta aiko da ciyawa?"

"Su ɗanɗana tukuna, sai su ce."

Ya fita yana jan ƙafa. Ba a jima ba muka ji muryarsa ta fi ta kowa tashi. Da ya shigo, kwanon kamar an wanke, ya dube ta yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

"Halas, shi ke nan, sun cinye min magani! Tuwonsu na can ba wanda ya taɓa."

Washegari Inna ta aro tukunya mafi girma, matan maƙwabta kuma suka fara leƙowa suna tambayar yadda ake kwaɗon. Baba ya rayu har ya ga auren autarmu.

Da Inna za ta ga yau, na san za ta yi mamakin yadda ganyen talaka ya zama abin yayi. Amma abin da zai ɓata mata rai shi ne yadda kowa ke ɗaukar farantinsa ya shige ɗaki, wannan da abincin rage ƙiba, wancan da na likita.

Ba ta bar mana gida ko zinariya ba. Ciwon Baba kuwa ni na gada, shekaru ke nan. Amma a gidana ba a taɓa ɗora min tukunya daban ba, domin 'ya'yana sun tashi sun ga yadda ake yi. Allah Ya jiƙan Inna da rahama. Saboda ita, ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba.