Kwalbar da Mama Ta Hana Ni

Na gama zaɓar kwalaben da zan zuba soyayyen attarugun da nake sayarwa ke nan a kasuwar Terminus, sai dattijuwa mai kwalaben ta zare ɗaya daga jakata. Ta buɗe murfin, ta shinshina, ta ajiye ta gefe.

Na ce, "Mama, ai duk sai na tafasa su."

Ta ce, "'Yata, fiya-fiya aka taɓa zubawa a wannan. Ko sau goma kika tafasa ta, hankalina ba zai kwanta ba. 'Ya'yan mutane ne za su ci."

Wallahi ni ban ji warin komai ba.

Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri. Masu sana'a irin tawa, kuna shinshina kwalba kafin ku saya kuwa?