Ɗan Aiken da Ya Ƙi Share Gumi

Mutumin yana tsaye a ƙofar gidan hutun, ƙafafunsa duk taɓon gonar shinkafa, ya ware hannuwansa nesa da jiki kamar an shafa musu barkono. Gumi na shiga masa ido, ya ƙi sharewa. Tsohuwa Kochupennu, mai sayar da furanni a bakin ƙofar, ta gane nan take: ɗan aike ne, maciji ya sari wani nasa. A nan jihar Kerala ta Indiya, masu maganin dafin maciji jikin ɗan aike suke fara karantawa. In ya share gumi, ko ya sosa kai, ko ya zo da sanda ko igiya, majinyacin ba zai tashi ba. Allah kaɗai ya san daga ƙauyen da ya sheƙo a haka.

"Mai magani nake nema," in ji shi. "Matata ce."

Mai gadi yana duba takarda. "Yaya, ka yi rajista? Turawa sun cika ɗakunan tausa har wata mai zuwa."

"Rufe mana baki, sarkin takarda," in ji Kochupennu. "Ɗana, tsohon mai maganin ya rasu shekara uku ke nan. Jikokinsa sun mai da gidansa wurin hutu, ba abin da suka iya sai tsiyaya wa baƙi mai a goshi. Ga keken haya can, ɗauko matarka sai asibiti."

Bai motsa ba. "Inna, tun daga gida ban taɓa komai ba. Kin ga wata alama a jikina?"

Tana ganin igiyar ɗaurin ciyawa da ya manta a ƙugunsa.

"Ban ga komai ba," ta ce. "Yi gudu."