Azarar da Baba ya Ranta

Shekarar da ruwa ya karya gadoji har motocin Gwaram suka daina shigowa Birnin Kudu, a cikinta ne soron gidanmu ya fara kuka.

Kakan mahaifina ne ya gina shi da tubali, kaurin bangon ya isa mutum ya kwanta a kai. Bakuna huɗu, ginshiƙai masu lanƙwasa, suka taso daga ƙasa suka haɗu a tsakiyar rufi, aka jera azara a kansu, wato itacen giginya da aka tsaga. A saman ƙofa akwai Bisimilla da ya zana da yatsa tun yaɓen yana ɗanye, a kanta na fara gane baƙi. Duk bazara akan yi masa sabon yaɓe, har ƙanena ya samu hali ya sa aka shafe shi da siminti. Ruwa ya riƙa shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita.

A ciki Inna, mahaifiyarmu, take kwana, ga shi idonta ya tafi. Na roƙe ta ta koma ɗakin kwano, ta ce, "A nan aka yi wa ubanku wanka, a nan za a yi mini."

Wata Juma'a da hantsi, ana ta yayyafi, na ji ƙas daga sama. Ƙasa ta zubo kan mayafinta. Na ɗaga kai, sai na ga baka ɗaya ya tsage, hannu zai shiga. Inna kuwa tana ta jan carbinta. Na kama hannunta, ta fizge ta rungume ƙafar gado.

Sai ga sallama a ƙofa. Maƙwabcinmu ne, wanda muka daɗe ba ma gaisawa saboda indararonmu da ke zuba a gidansa. Ya jiƙe sharkaf, da azara a kafaɗa. Daga gidansa ya ga bangon ya yi ciki.

Na ce, "Shigo da ita mu tokare."

Ya dubi rufin, ya girgiza mini kai, sannan ya ɗaga murya. "Inna, azarar da Malam, maigidanki, ya ranta wa babana sanda ɗakinmu ya faɗi, ita na kawo."

"Sai yau? Ajiye ta nan."

"A ƙofar gida aka ba shi, a ƙofar gida zan mayar, kuma a hannun mai ita. In kin ƙi, tsohona yana kwance a kabari da bashi."

Ƙasa ta sake zubowa. Inna ta ce, "Mamaci ba ya jira," ta lalubi sandarta.

Tafiyar ba ta fi tsawon tabarma biyu ba, amma ban taɓa ganin mai nisanta ba. Ta ƙi a ɗauke ta. Ina biye da ita, bayana yana jiran abin da zai faɗo.

Hannunta yana kan azarar soron ya rufta. Ƙura ta turnuƙe duk da ruwan. Bisimillar nan kaɗai ta tsaya da guntun bangonta.

Inna ba ta juya ba. Ta shafa itacen daga kai har gindi, ta ce, "Tamu ta fi wannan kauri. Amma na karɓa. Allah Ya jiƙan babanka."